Yadda Na-Sani Ya Buɗe Wa Baƙo Rumbun Jami'a

A sashen kwamfuta na jami'ar akwai wani mutum da ake kira Na-Sani. Ya samo sunan ne saboda ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Shekararsa tara yana mataimakin shugaba, kuma a duk tsawon lokacin nan abin da aka tabbatar ya sani shi ne zaro takarda in ta maƙale a firinta.

Shugabar sashen, wadda ake kira Madam Sa-Hannu a bayan idonta, za ta yi ritaya ƙarshen wata. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna ya zaɓi magajinta, kuma mutum biyu ne a layi: Na-Sani da abokin ofishinsa Dogo, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Kujerar nan Na-Sani yana sonta, so na gaske. In Madam ta fita cin abinci har zama yake yi a kanta ya gwada tsayinta.

Babban abin da sashen ke gadi shi ne rumbu, wata ma'ajiya ce a intanet inda malamai da ɗalibai ke zuba rubutun manhajojin da suke haɗawa. Kowane aiki da ɗakinsa, kowane ɗaki da waɗanda aka yarda su shiga. Ɗan gida da akawun ɗinsa yake shiga. Amma in malami zai yi aiki da wani daga waje, sai an cika fom mai shafi biyu: wane ne baƙon, wa ya tsaya masa a cikin jami'a, wane ɗaki zai shiga, karatu kawai zai yi ko har da rubutu. Sannan a buɗe masa akawun da sunansa, wanda zai mutu da kansa bayan kwana casa'in. Fom ɗin nan shi Na-Sani ya tsana fiye da komai a duniya.

Ranar Litinin 'yar Madam ta haihu, ta ɗauki hutun kwana huɗu. Kafin ta tafi ta miƙa wa Na-Sani babban makulli, wato izinin da ke buɗe komai a rumbun.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji ta. "Duk wanda ya zo..."

"Na sani."

"Me na ce?"

"Fom."

"To, fom." Ta dube shi, ta dubi Dogo, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wani Farfesa. Dattijo ne mai sanyin hali, shekara shida yana haɗa manhajar da ke hasashen ambaliya. Ya ce wasu masu bincike biyu daga wata cibiya za su taya shi aiki, don haka ya zo karɓar fom, ya kuma san sai an yi mako guda.

"Mako guda a tsohon zamani, ranka ya daɗe," in ji Na-Sani. "Zauna. Minti biyar."

Na-Sani ya ja kujera, ya nannaɗe hannun riga, ya buɗe sabon akawun ya sa masa suna Baƙo. Kwamfuta ta jero masa akwatuna: karatu, rubutu, gogewa, ɗaki ɗaya ko dukan ɗakuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa har ya cike.

Dogo ya leƙo daga teburinsa. "Har da gogewa?"

"Kai in ka yi baƙo, cewa kake ya zauna a falo amma kar ya taɓa filo? Jami'a ce nan, ba gidan marowata ba."

"Ranar ƙarewa fa?"

"Babu. Baƙo shi ke cewa zai tafi."

Farfesa ya fita da kalmar sirri a 'yar takarda yana ta godiya. Godiyar nan ce ta ƙarasa Na-Sani. Kafin a tashi ya rubuta wa dukan ma'aikata saƙo yana sanar da sabon abu mai suna Tsarin Ƙofa Ɗaya: daga yau babu fom, babu jira, duk mai abokin aiki a waje ya ba shi akawun ɗin Baƙo. Don kar a riƙa damunsa da tambaya, ya buga kalmar sirrin ya liƙa a allon sanarwa na baranda, da manyan haruffa saboda masu raunin gani.

"In wani ya ɓata abu," in ji Dogo, "ta yaya za a san waye?"

"Rajista za ta nuna."

"Baƙo za ta nuna."

"Ka ga kuwa ta nuna."

Dogo ya koma kan aikinsa.

Talata ta zo wa Na-Sani da daɗi. Malamai suka riƙa leƙowa suna yaba masa, wani har ya ce ashe dama ana iya yi ake wahalar da su. Da rana ya faki ido ya fita wajen mai sassaƙa alluna, ya ba da aikin allon tebur mai ruwan zinare: SHUGABAN SASHE. Ya ce a kai masa gida in an gama, don ba ya son a ce ya yi gaggawa.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da yayan matarsa, mai gyaran waya, ya zo gaisuwa. Yaya yana ta mitar cewa kwamfutar shagonsa ta cika da kayan wayoyin kwastomomi, ba shi da wurin zuba ko hoto ɗaya.

"Yaya, wannan ai ba matsala ba ce," in ji Na-Sani. "Rumbun da nake riƙe da shi ba ya cika."

"Ba ya cika?"

"Shekara tara ina kallon sa."

Matarsa ta ajiye kofi a gabansa. "Baban yara, na jami'a ne fa, ba naka ba."

"Ranar Juma'a za ki san na waye." Ya yagi gefen jarida ya rubuta wa Yaya kalmar sirrin.

Ranar Laraba mai ƙorafi na farko ya zo tun kafin Na-Sani ya ajiye jaka. Malamin lissafi ne, ya ce wani ya shiga ɗakinsa ya gyara masa manhaja, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne gyaran daidai ne. Bayansa wata Dakta ta shigo, ta ce tambayoyin jarrabawar da ta ɓoye a ɗakinta na sirri suna yawo.

"Ta yaya kika san suna yawo?" in ji Na-Sani.

"Na shiga aji ɗalibai ɗari biyu suna min murmushi. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ba a taɓa yi ba. Wani ma ya ɗaga hannu ya ce akwai kuskure a tambaya ta huɗu."

"Akwai?"

"Akwai. Ba shi na zo tambaya ba. Wa ya shiga?"

Na-Sani ya buɗe rajista da ƙwarin gwiwa. Daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi, suna ɗaya ne: Baƙo, Baƙo, Baƙo. Ya gyara zama ya ce mata an gano mai laifin, saura a san ko wane ne.

Da azahar rumbun ya fara tafiyar hawainiya. Duk abin da aka danna sai ya yi ta juyi. Na-Sani ya ce yawan masu amfani ne, alamar tsarin ya karɓu. Sai ga Farfesa ya dawo da wayarsa a hannu, da ladabinsa kamar kullum.

"Abokan aikina ne suka aiko tambaya," ya ce. "Sun ga wata jaka a ɗakina mai suna Wayar Direban Bas, Kar A Goge. Suna son sanin ko tana cikin bayanan ruwan sama."

"Na sani," in ji Na-Sani, amma a hankali.

"Akwai kuma waƙoƙi dubu huɗu. Sun ce sun saurari wasu."

Ashe da Yaya ya shiga, ɗakin da ya fara gani a saman jeri shi ne Ambaliya, ɗakin Farfesa, saboda da harafin farko ya fara. Bai ga dalilin wahalar da kansa ya gangara ƙasa ba. Nan ya juye kayan shagonsa kaf.

Da Farfesa ya fita, Dogo ya ce, "Ka rufe akawun ɗin, ka cire takardar baranda, ka kira Madam."

"In kira ta in ce me? Saura kwana biyu kwamiti ya zauna."

"Ka ce ka yi kuskure."

Na-Sani ya dube shi kamar ya yi masa magana da wani yare. Tsoro ya ji, tsoro sosai, amma abin da ya fi tsoro shi ne Juma'a ta zo a ce Tsarin Ƙofa Ɗaya bai yi kwana uku ba. Ya ce da kansa zai share wurin, ba mai ji ba mai gani.

Ranar Alhamis da safe ya yi dabarar da ya ɗauka ta fi kowace. In ya share da akawun ɗinsa, rajista za ta nuna sunansa, a tambaye shi yadda aka yi ya san kayan waye. Don haka ya buɗe kwamfutarsa ta hannu ya shiga a matsayin Baƙo. Ya fara goge kayan Yaya ɗaya-ɗaya. Bayan ya goge talatin ya duba ya ga saura dubu shida, sai ya ce wannan aikin marasa ilimi ne. Ya haura saman shafin ya sami wani jan maɓalli mai cewa a goge gaba ɗaya.

Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ta ce abin ba ya dawowa. Ya ce, "Na sani." Ta ce in da gaske yake ya rubuta sunan abin da yake son gogewa. Ya rubuta Ambaliya da yatsa biyu, ko kallon madannai bai yi ba, har ya ɗan ji daɗin saurinsa.

Rumbun ya dawo da gudu nan take. Na-Sani ya miƙe ya yi miƙa ya ce wa Dogo an wuce wurin.

Bayan minti goma Farfesa ya shigo, ba sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗakina ba ya nan," ya ce.

"Waƙoƙin kake nufi, ranka ya daɗe."

"Ɗakin nake nufi. Shekara shida."

Gumi ya karyo wa Na-Sani har cikin takalmi. Ya buɗe rajista, ga shi nan a rubuce: Baƙo ya goge Ambaliya, ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Ya daɗe yana kallon layin. Can sai ya ji wani sanyi ya sauko masa, domin ya tuna mutum nawa ne Baƙo.

"Zagon ƙasa ne," ya ce. "Wani daga waje ne ke baƙin ciki da ci gaban jami'ar nan. Gobe a gaban kwamiti zan tona shi."

"Za ka iya?" in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ni ne fa."

Dogo ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi kwamfutar hannun da ke gaban Na-Sani.

Ranar Juma'a ɗakin taro ya cika. Magatakardan jami'a yana tsakiya da 'yan kwamiti huɗu, Farfesa a gefe, Dakta mai jarrabawa ta zo ba a gayyace ta ba, malamai sun tsaya har bakin ƙofa. A can baya Madam ta dawo daga hutu, tana zaune da jakarta a kan cinya. Dogo ya yi bayaninsa cikin minti uku ya zauna.

Na-Sani ya fito da sabuwar riga. Ya ɗora kwamfutarsa ta hannu a kan tebur, bayanta yana fuskantar kwamiti, ya haɗa ta da majigi. Ya fara da tarihin nasarorinsa. Ya ce shi ne ya kawo tsarin sa wa kowace na'ura lamba a sashen, da hannunsa ya rubuta ya liƙa, ta yadda ko ɓera ba ya ɓata. Ya ce shi ne ya rage jiran mako guda zuwa minti biyar. Sannan ya sauke murya ya ce duk babban aiki ba ya rasa maƙiya, ya hasko rajista a bango.

"Ga shi nan," ya ce. "Baƙo."

"Wane ne Baƙo?" in ji Magatakarda.

"Wannan shi ne abin da bincike zai gano."

"Mutum nawa suka san kalmar sirrin?"

"Amintattu ne kawai."

"Ni na gan ta a baranda," in ji wani ɗan kwamiti. "Kusa da sanarwar ɗauke ruwa."

"Amintattun da ke bin baranda," in ji Na-Sani.

Daga can baya muryar Madam ta taso, ba ƙarfi. "Ka ɗan ja shafin zuwa dama."

"Babu komai a dama, Madam."

"Ja dai."

Ya ja. Ashe akwai wani layi da bai taɓa kaiwa gare shi ba a shekara tara, mai nuna na'urar da aka yi aikin da ita in ta cikin jami'a ce. A gaban gogewar Ambaliya an rubuta: na'ura ta 14.

"Kun gani," in ji Na-Sani, murya ta dawo masa. "Ashe ma ɗan gida ne. Duk mai riƙe da na'ura ta 14, ina ba kwamiti shawara kar a tausaya masa. A ƙwace masa izini yau, a gaban kowa."

Ya dubi mutanen ɗakin. Ya lura ba bango suke kallo ba, teburinsa suke kallo. A bayan kwamfutarsa, daidai saitin idon Magatakarda, akwai farar takarda da ya liƙa da hannunsa, da lamba ɓaro-ɓaro da baƙin alƙalami. Ya zagayo ya duba. Ya daɗe yana dubawa, kamar mai jiran ta canja.

"Rubutunka yana da kyau," in ji Magatakarda.

Na-Sani yana neman abin faɗi sai aka ji hayaniya a ƙofa. Yaya ne ya kutso da ƙunshi a hammata, yana share zufa.

"Ku yi haƙuri, ina neman mijin ƙanwata. Yauwa, Injiniya. Ka ce min rumbun ba ya cika, ba ka ce min yana zubarwa ba. Direban bas yana shagona tun safe, hotunan 'ya'yansa yake nema."

"Yaya, muna taro."

"Na gani. Ga wannan ma, an kawo gida, ƙanwata ta ce in taho maka da shi tunda yau ne." Ya warware takardar ya ajiye allon a kan tebur, kusa da lamba 14. Ruwan zinaren ya ɗauki hasken majigi sosai.

Magatakarda ya karanta allon, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake karantawa.

Madam ce ta tashi ta nufi Farfesa, wanda tun da aka fara bai ɗaga kai ba. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, akwai kwafin da rumbun ke ɗauka kowace rana a wata na'ura da babban makulli ba ya kaiwa, Dogo zai dawo masa da ɗakinsa kafin la'asar. Farfesa ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna motsi.

"Har da hotunan direba?" in ji Yaya.

"Har da waƙoƙin," in ji Dogo.

"Kwafin nan ai na san da shi," in ji Na-Sani. "Dama gwaji ne na..."

"Shawararka ta ƙarshe kwamiti ya karɓa," in ji Magatakarda. "A ƙwace izinin yau."

Ranar Litinin Na-Sani ya zo ofis da wuri. Dogo, wanda kwamiti ya zaɓa, yana kan kujerar Madam, bai ko gyara tsayinta ba, gwiwoyinsa suna dukan tebur. Na-Sani ya kunna kwamfuta ya nemi shiga rumbu don ya ɗauko jadawalin gyaran firintoci, wanda nan yake ajiye. Ta ce ba ta san shi ba.

"Akwai matsala a rumbun," ya ce.

"Babu," in ji Dogo. "An rufe akawun ɗinka. Kafin kwamiti ya sake duba maganarka, a matsayin na waje kake." Ya ja aljihun tebur ya zaro fom mai shafi biyu ya miƙa masa.

Na-Sani ya karɓa. Karon farko ke nan da ya karanta shi har ƙarshe. Ya cika suna, ya cika ɗaki, ya zo kan layin da ke tambayar wanda ya tsaya masa a cikin jami'a. Ya fita da shi. Malamin lissafi ya ce alƙalaminsa ya ƙare. Dakta ta ce tana sake rubuta jarrabawa, ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya. Farfesa ya gan shi ta taga ya sa sakata.

Da yamma ya sami Madam tana kwashe littattafanta a kwali. Ta karɓi fom ɗin ta duba gaba da baya, ta sa hannu. A wajen akwatuna ta yi alama a guda ɗaya tak, sannan ta juyo masa da takardar ta ɗora yatsa a kai.

"Karatu kawai," ta ce. "Kwana casa'in. In sun cika..."

Ya buɗe baki. Ta tsaya tana jiransa, Dogo ma ya ɗago kai daga can.

"Ƙarasa, Madam," in ji shi.